Bakano Ya Shiga Gem, Labari Ya Gudu

Alhaji Tsallake, barka da kasuwa. Da kasuwa na fara don na san in na soma da tambayar iyali cewa za ka yi in taƙaita. Ya ciniki? Madalla. To ajiye kalkuletar nan, ka ba ubangidanka na Zazzau aron kunne. Kyauta ne, kada gabanka ya faɗi.

Labari ya iso mana har Ƙofar Doka cewa ka zauna a majalisa ka yanke hukunci. Wai waɗannan wasannin kwamfuta na yawo da bincike, waɗanda ka runtse ido ka sayi na'urarsu kana salati, ba su da labari. Wai ka buga ka gama, ba ka ga komai ba sai gudu da hawan dutse. Har da rantsuwa, in ji wanda ya kawo mini tsegumin. Ni kuwa ko gezau, don na san hannunka. Duk faɗin Kano babu maɓallin da ya sha wuya irin na tsallake magana a hannun gem ɗinka. Ya goge, ya lotsa, da yana da baki da tuni ya kai ƙara wajen mai unguwa. Mutum ya buɗe baki a allo, ka danna. Tsoho ya fara ba ka tarihin garin, ka danna. Yarinya na kuka tana faɗa maka wanda ya kashe ubanta, ka danna, sannan ka zagaya ta bayanta ka buɗe durowa.

Ba kuma za a ce ba ka bincike ba. A'a, kai ne ma shugaban masu bincike. Babu tukunyar da ba ka fasa ba, babu akwatin da ba ka girgiza ba, ko gawa ka gani sai ka laluba aljihunta kafin ka ce Allah ya jiƙa. Sai dai idonka abin sayarwa kaɗai yake gani. Takarda, in ba ta kuɗi ba ce, shara ce a wurinka. Ka shiga gidan biki ka cika ciki, ka cika leda, ka fito kana cewa ba a ɗaura aure ba, alhali ko sunan amarya ba ka tambaya ba.

Abin da ka kasa ganewa, ɗan'uwana, shi ne masu ƙera irin wannan wasa ba zaunar da kai suke su ɗura maka labari ba. Tarwatsa shi suke yi. Su sa guntu a wasiƙar da aka bari kan tebur, guntu a bakin mai gadi, guntu a zanen da ke jikin bango, guntu a yadda aka jera gadaje cikin ɗaki. Kai ne za ka bi da ƙafa ka tsince. Shi ya sa mutum biyu za su buga wasa ɗaya, wannan ya fito da hawaye, wancan ya fito da buhun ƙarafa. Ba sai na faɗi wanda ya fito da buhun ba.

Amma kada in zalunce ka, kana da asali a harkar. Kakan waɗannan wasanni duka, Colossal Cave Adventure, wani Ba'amurke mai suna Will Crowther ne ya rubuta shi wajen 1976. Ma'aikacin kwamfuta ne, sai dai abin da ya fi ɗauke masa hankali shi ne kutsawa cikin kogon Mammoth na Jihar Kentaki, yana aunawa yana zana taswira. Wani sashe na wannan kogo ya kwafe ya zuba a kwamfuta. Babu hoto ko ɗaya, rubutu ne zalla. Kwamfuta ta siffanta maka inda kake, kai kuma ka rubuta mata kalma ɗaya ko biyu: je arewa, ɗauki fitila. A 1977 Don Woods na Jami'ar Stanford ya faɗaɗa shi, ya ƙara dukiya, ya sa maki 350. Ka ji dukiya ka gyara zama, ko? Zinariya, lu'ulu'u, azurfa, a kwaso a kai wani ɗan gini kusa da bakin kogo a jibge. Da a zamanin ka tashi, da kai ne limaminsu.

To ko a can ma an ɗana maka tarko. Akwai wani wuri mai lunguna iri ɗaya sak, duk inda ka juya siffa guda kwamfuta za ta ba ka. Dabarar da masu wasan suka gano ita ce, kowane ɗaki ka shiga ka yar da abu ɗaya daga kayanka, don in ka zagayo ka gane wurin, kana yi kana zana taswira da fensir a takarda. Ka ji fa, a yar da kaya. Bakano ya saki abin da ya riga ya shiga hannunsa! Ai da har yau kana cikin ramin nan, rungume da buhu, fitila ta mutu. Ga kuma wani ɗan fashin teku da ke lallaɓowa ya wawushe dukiyar mutum ya kai cikin lungunan ya ɓoye. Ba a faɗi garinsu ba, amma mu Zage-zagi mun gane shi.

Wuri ɗaya ne na san halinka zai cece ka. Kamfanin Sierra na Roberta Williams da mijinta Ken, waɗanda suka shigo da hoto cikin wannan harka da Mystery House a 1980, sun yi suna wajen rashin sassauci. A King's Quest V na 1990, Sarki Graham yana tsintar kuɗin azurfa guda, ya sayi wani kek mai kirim a gidan burodi. Can gaba, a kan duwatsu masu ƙanƙara, yunwa ta murɗe shi. In ka ga dama ka ci kek ɗin, wasan ba zai ce maka uffan ba. Sai ka yi nisa, wani ƙaton dodon ƙanƙara ya taso maka, ashe kek ɗin nan shi ne makamin, a fuska ake maka masa. Ka cinye? Shi ke nan, hanya ta toshe, sai dai ka koma baya in ka adana wasanka tun kafin ɓarnar. Mutane da yawa sun faɗa wannan rami. Kai kam ba za ka faɗa ba. Kai da za ka gwammace Sarki ya suma da yunwa da a taɓa jari? Rana ɗaya dai rowa ta yi rana.

Irin wannan mugun wasa ne ya ishi Ron Gilbert na kamfanin Lucasfilm, har ya rubuta maƙala a 1989 yana caccakar 'yan sana'arsu. Hujjarsa mai sauƙi ce: in kana kashe mutum duk lokacin da ya leƙa wani lungu, ko kana barinsa ya maƙale saboda abin da ya manta awa biyar baya, to koya masa tsoro kake, ba bincike ba. Da ya fitar da The Secret of Monkey Island a 1990, sai ya kusan soke mutuwa gaba ɗaya, ya kuma toshe hanyoyin maƙalewa. Nan mai wasa ya samu sakewa. Ka gwada kowace amsa, har wadda ka san shirme ce, don a shirmen ne aka ɓoye daɗin. Wanda ya tsallake hira a wannan wasa ya sayi mangwaro ya tsotsi leda... a'a, bari in bar ka haka, na riga na kai ka gidan biki, kada abin ya yi maka yawa.

Abu biyu ne a cikinsa aka yi domin ni da kai. Naka shi ne wani dillali mai suna Stan, mai sayar da tsofaffin jiragen ruwa, baki ba ya rufuwa, hannuwa na ta yawo a iska. Sai ka sa shi ya lissafo ƙyale-ƙyalen jirgin ka ce ba ka so, ka yi kamar za ka tafi ya kira ka, har farashi ya sauko daidai takardar bashin 5,000 da ke hannunka. Na tabbata wannan ce hira ɗaya tak da ba ka taɓa tsallakewa ba a rayuwarka, ƙila ma ka gyara wa jarumin kuskure. Nawa kuma shi ne faɗan takobi. A wasan nan ba ƙarfin hannu ke cin faɗa ba, baƙar magana ce. Abokin karawa ya jefo maka gori, kai ka zaɓi amsar da ta dace da shi. Guybrush, yaron da ke son zama ɗan fashin teku, sai ya bi hanyoyin tsibirin yana shan kaye a hannun 'yan fashi kafin ya tara gori da amsoshinsu. Ya je gaban gwanar takobi, sai ta fito da sababbin gori da bai taɓa ji ba, dole ya saurari ma'anarsu ya laluba cikin tsofaffin amsoshinsa. Wato sai da kunne. Kai da ka shekara nawa kana shan kaye a bakina ba ka haddace amsa ko ɗaya ba, ina za ka kai?

Myst kuwa, wanda 'yan'uwa biyu, Rand da Robyn Miller, suka fitar a 1993, ya sayar da kwafi sama da miliyan 6, kuma babu wasan kwamfuta da ya wuce shi a kasuwa sai da The Sims ya zo ya ture shi a 2002. Na kawo lissafin ne don ka girmama shi. An jefa ka tsibirin da babu kowa. A ɗakin karatu akwai littafi ja da littafi shuɗi, kowanne da mutum a kulle ciki, wa da ƙane, Achenar da Sirrus, kowa na roƙonka ka nemo masa shafukan da suka ɓace, kowa na cewa ɗan'uwansa ne azzalumi. Ba mai raba maka gardama. Sai dai in ka shiga ɗakunan da suka taɓa zama, ka ga na Sirrus cike da zinariya da kayan alatu da kwalabe, na Achenar kuma makamai da kayan azabtar da mutane. Mai ido ya gane babu na saki a cikinsu. Kai kuwa kana ganin zinariyar Sirrus za ka ce wannan mutumin kirki ne, yana da rufin asiri. Ka kai masa shafin ƙarshe, ya fito, kai ka maye gurbinsa cikin littafi. Ka ga ƙarshen wanda bai son karatu: an kulle shi a littafi.

Yanzu bari mu zo kan wanda na san ka buga, don na ga faifansa a shagonka ƙarƙashin rasitai. The Last of Us na 2013. Ka tuna inda jaruman wasan, Joel da Ellie, da wasu 'yan'uwa biyu, Henry da Sam, suka bi ta magudanar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa bayan sun tsere daga Pittsburgh? Na san abin da ka fito da shi daga wurin: almakashi, tsumma, salatif, harsashi. To a wannan wuri akwai wani mutum mai suna Ish wanda ba a taɓa nuna fuskarsa ba, ba a taɓa jin muryarsa ba. Takardunsa kaɗai ke warwatse. Da annoba ta ɓarke, jirgin ruwa ya shiga ya gudu teku. Abinci ya ƙare, ya dawo ya ɓuya a magudanar. Ya haɗu da wasu iyali a waje, suka yi musayar kaya, kaɗaici ya ishe shi ya gayyato su. Sannu a hankali wurin ya zama unguwa: ga ajin yara da zane-zanensu a bango, ga dokoki an rubuta, ga randunan tara ruwan sama. Sai wata rana wani ya bar ƙofa a buɗe.

Sauran kana iya gani da idonka in ka tsaya. Akwai ɗakin da wani mutum ya kulle kansa da yara da masu cutar suka kewaye su, ga takardarsa, ga ƙananan gawawwaki an lulluɓe. Wasan bai tsayar da kai ya ce kalli nan ba. Bai sa kiɗan tausayi ya ja ka da hannu ba. Ya ajiye ne kawai, wanda ya duba ya gani. Mutane da dama da suka buga wasan nan suna sa labarin Ish cikin abin da ya fi tsaya musu a rai, alhali kana iya wucewa ba ka san an yi shi ba. Kai ka shiga ɗakin, ka taka takardar, ka ɗauki kwalbar da ke gefenta, ka fita kana murna. Allah ya shirye ka, Alhaji.

Har wanda ya biyo maka ta hanyarka an samu, ka ƙi. Hidetaka Miyazaki, mai Dark Souls na 2011 da Elden Ring na 2022, ya faɗa cewa yana yaro yakan ari littattafan da suka fi ƙarfin karatunsa, inda bai gane ba ya cike da tunaninsa. Haka yake gina wasanninsa. Mafi yawan tarihin duniyar yana rubuce ne a bayanin kayan da kake tsinta, jikin zobe, jikin takobi, jikin sulke. Wato labarin yana cikin buhunka, kana ɗauke da shi a baya, kana yawo kana cewa babu labari.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne Zelda: Breath of the Wild na 2017. Wannan wasa sakin mutum yake yi. Da ka gama ɗan horon farko a kan tudu aka ba ka abin sauka daga sama, duk inda idonka ya hango kana iya zuwa, har fadar da babban bos yake, in ka ga za ka iya da sanda da gajeren wando. Masu ƙera shi sun tsara tuddai yadda za su riƙa tare maka gani, don ka ce bari in hau in ga abin da ke baya, kana hawa kuma wani abin ya ɓullo ya janye ka. Labarin ma haka suka yi masa. Jarumin wasan, Link, ya farka bayan shekara 100 bai tuna komai ba, sai hotuna 12 a cikin allon da ke hannunsa. Kai za ka dubi hoto, ka gane dutsen nan ko tafkin nan, ka taka har wurin, sannan tunanin abin da ya faru a nan ya dawo masa. Wanda ya tattara su duka ne yake sanin wace ce Zelda, da irin nauyin da ubanta ya ɗora mata, har a ƙara masa wani ɗan fim a ƙarshe.

Kai me ka yi? Ka ji an ce akwai wasu 'ya'yan itace na Korok guda 900 a ɓoye, ana ba da su a faɗaɗa maka jaka. Jaka! Nan ka tattare hannun riga. Baiwar Allah tana can cikin fada shekara 100 tana riƙe da dodo, kai kana ɗaga duwatsu ɗaya bayan ɗaya. Guda 441 sun isa a buɗe maka jakar har ƙarshe, amma Bakano bai san ya isa ba. Ka tara 900 cif, ka je karɓar lada, aka miƙo maka wani dunƙulen zinariya mai siffar kashi, wanda ba ya sayuwa ba ya amfanuwa. Mutanen Nintendo daga Kyoto suka zauna suka yi maka zolayar da ta fi tawa. Ina ji akwai jinin Zazzau a kamfanin nan.

The Witcher 3 na 2015 kuwa shari'a ce aka yi maka ba ka sani ba. Jarumin wasan, Geralt, na neman Ciri, yarinyar da ya yi rainonta, mugayen mahaya na bin sawunta. Kai ka mai da shi ɗan karta, gari-gari kana neman wanda za ku buga Gwent. Wannan ban kama ka da laifi ba, rabin duniya sun yi. Inda ka kashe kanka shi ne gaban Sarki Emhyr, mahaifin yarinyar. Ka kai masa ita, ya sa aka kawo maka ladan aiki, tana tsaye tana kallo. Wasan ya ba ka zaɓi, ka karɓa ko ka ƙi. Ko karanta na biyun ba ka yi ba. To makomar Ciri ba a faɗan ƙarshe ake yanke ta ba. A 'yan ƙananan wurare ne irin wannan: ka yi wasan jifa da ƙanƙara da ita ranar da ranta ya ɓaci ko ka kai ta shan giya, ka raka ta kabarin wanda ya taimake ta ko ka ce babu lokaci, ka bar ta ta shiga ganawa da matsafa ita kaɗai ko ka bi ta kamar ba ta da wayo. Ba a rubuta maka cewa ana ƙirgawa ba. Ka ƙirga kuɗinka, wasan ya ƙirga halinka, yarinya ta tafi ba ta dawo ba, ka zo majalisa kana cewa ƙarshen bai yi daɗi ba.

To, na ji, ba kowa ne zai zama irina ba, kuma ba a ce dole ba. Tun 1996 Richard Bartle, Baturen Ingila da ya haɗu da Roy Trubshaw suka ƙirƙiro wasan MUD a Jami'ar Essex, ya kasa masu wasa gida huɗu: masu tara nasara, masu bincike, masu zumunci, da masu neman wanda za su kayar. Ya ba kowane gida alamar karta, ku masu tarawa ya ba ku daiman, ka ga ko shi ya san ku. Akwai kuma wanda ya dawo daga aiki a gajiye, ba ya son ɓata, so yake a riƙe masa hannu a kai shi. Shi ma an yi masa nasa. The Walking Dead na kamfanin Telltale, 2012, kashi biyar, kusan babu yawo a ciki. Magana ce da zaɓi, ga lokaci na gudu, in ka yi shiru ma an ɗauka amsa ce. A kashi na biyu an ba ka abinci huɗu, ga mutum goma masu jin yunwa, ka raba. Ƙarshen kowane kashi a nuna maka kashi nawa cikin ɗari na masu wasa suka yi irin zaɓinka. Masu suka sun ce yaudara ce, don duk hanyar da ka bi wuri ɗaya take kai jarumin wasan, Lee Everett. Gaskiya ne, amma ni ban ɗauke shi aibi ba. Ba makoma kake zaɓa ba, irin mutumin da ƙaramar yarinyar da ke tare da shi, Clementine, za ta tuna kake zaɓa. Af, kuma a kashi na biyun nan ne aka tarar da mota a daji cike da kayan abinci babu mai ita. Ba sai na tambaye ka ba. Mai motar dai yana nan tafe a kashi na biyar.

Maganar satar amsa a YouTube ma zan yi maka rangwame, tunda kalmar rangwame na sanyaya maka rai. Wani lokacin laifin masu wasan ne. A Gabriel Knight 3 na 1999, don ka karɓi hayar babur sai ka yi shigar wani abokinka. Yaya? Ka manna salatif a wani rami, ka kora baƙar kyanwa ta bi ta wurin, ka kwashi gashin da ya maƙale, ka shafa ruwan zaƙi ka manna a leɓe ya zama gashin baki. Mutumin da kake kwaikwayo kuwa ba shi da gashin baki, don haka sai ka zana masa a hoton fasfonsa. Wanda ya leƙa amsar wannan, Allah ya yafe masa, ni ma na yafe. Amma kai tun ba a gama rubuta sunan wasa a allo ba waya na hannunka na hagu, wani yaro a Amurka na gaya maka inda za ka sa ƙafa. Shi ya yi yawon, shi ya ji daɗin, kai ka biya kuɗin data.

Saboda zumunci, na rubuta maka magani kala biyu. Na farko Return of the Obra Dinn, wanda Lucas Pope ya yi a 2018. Zai yi maka daɗin shiga, don jami'in inshora ne kai, an aike ka a 1807 ka hau wani jirgin ruwa da ya ɓace shekaru ya dawo babu mai rai. Mutum 60 ne a rajista. An ba ka littafi da wani agogon aljihu, in ka tsaya kan gawa ya jiyar da kai maganganun ƙarshe, ya nuna maka daidai lokacin mutuwar a daskare, ka zagaya ka duba. Aikinka ka rubuta sunan kowa, da yadda ya ƙare, da wanda ya yi sanadi. Ba mai gaya maka. Daga karin harshe za ka gane, daga kaki, daga lambar ragar da mutum ke kwana, daga wanda yake yawan tsayawa kusa da shi. Wasan kuma ba ya tabbatar maka sai ka dace da mutum uku a lokaci guda, don haka caca ba ta kai ka ko'ina. A ƙarshe akwai lissafin diyya da tara, kowa da abin da za a biya magadansa ko a cire musu. Ka ga an haɗa maka karatu da kuɗi a kwano ɗaya, ba ka da hanyar gudu.

Na biyu shi ne mai ɗacin, Outer Wilds na 2019. Babu kuɗi. Babu shago. Babu takobin da za a ƙara wa kaifi, babu jakar da za a faɗaɗa. Ɗan kumbo ne da 'yan duniyoyi kaɗan, kuma duk bayan minti 22 rana ta fashe, ka farka inda ka fara, hannu rabbana. Abin da kawai ke bin ka shi ne abin da ka sani. Wata duniyar tana ruftawa cikin baƙin rami a tsakiyarta, wasu tagwaye kuma yashi ke kwarara daga ɗaya zuwa ɗaya, don haka ƙofar da ke buɗe a minti na biyar ta binne a na goma sha biyar. A bangaye akwai rubutun wata al'umma da ta shuɗe, Nomai, suna gardama, suna tsokanar juna, suna lissafi, kai kana fassarawa da na'ura. Babu ƙofar da ke jiran mabuɗin da za ka saya. Tun daga farkawar farko hanyar ƙarshen wasan a buɗe take, rashin sani ne kaɗai ya tare ta. Shi ya sa ba a iya buga shi sau biyu da daɗi iri ɗaya, shi ya sa kuma duk wanda ya gama yake rufe bakinsa don kada ya ɓata wa wani. A nan in ka tsallake rubutu, ka tsallake wasan ɗungurungum. Ina hango ka minti 22 na farko kana zagaye kumbo kana neman inda ake sayar da mai.

Ka buga shi, Alhaji, ka kife wayar nan, kada kuma ka sa yaron shago ya karanta maka. In ka gama ka hau mota ka zo Zariya ka faɗa mini da bakinka abin da ya sami Nomai. In ka faɗa daidai, na janye rabin abin da na rubuta, rabin kuwa yana nan har jikoki. Kuɗin mota kai za ka biya, kuma ka taho da gurasa.